Yadda Maigidana Ya Yi Fim a Kan Mata Tara

Laifina ne tun farko, ban musa ba. Ni na buɗe bakina a gaban mata takwas na ce maigidana yana da kyamara.

Mu tara muke aiki a ɗakin ɗinki da ke ƙasan ginin shaguna, can ƙarshen baranda kusa da matakala. Kekuna shida ne, da teburin yanka, da teburin guga, da wata fanka mai juyawa in ta ga dama. Goggo ce babbarmu, shekararta talatin da ɗaya a ɗakin, tun babu ko ƙyaure a ƙofar. Ran nan da safe muka tarar da takarda manne a bango. Kwamitin gini ya sayo ƙaton janareta, kuma a ɗakinmu za a girke shi, domin wani mara aikin yi ya kai musu rahoto cewa ɗakin nan “ba a wani amfani da shi.” Sun ba mu minti goma sha biyar a taronsu na ƙarshen wata mu kare kanmu. In mun gamsar da su mu zauna, in ba haka ba mu kwashe kekunanmu mu ba janareta wuri.

Sai aka zo kan wadda za ta yi magana. Goggo ta ce ita ko a gaban mutum biyar harshenta bushewa yake yi. Mai Guga ta ce a bar mata, muka ce a'a, in ita ta buɗe baki ba za a jira ƙarshen wata ba, a ranar za a watso mana kaya waje. Mai Maɓalli kuwa, wadda ko sannu ka yi mata sai ta yi dariya, ita ta ce ta ga wani fim a talabijin, irin na gaskiya wanda ba wasa ake yi ba. An bi wasu mata masu kamun kifi ana nuna yadda suke aiki, su kuma suna ba da labarinsu da bakinsu. Me zai hana mu ma a ɗauke mu muna kan aiki, a haska wa kwamiti su gani da idonsu? Nan ne fa bakina ya riga tunanina.

Maigidana mai hoton fasfo ne. Shagonsa yana sama a ginin, tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Shekara ashirin yana zaunar da mutane a kujera ɗaya a gaban farin ƙyalle ɗaya. Na same shi yana gyangyaɗi, na kai masa maganar, ya miƙe zumbur har kujerar ta kife.

“Fim a kan rayuwar mata! Ke, kin san wurin wa kika zo kuwa? Fuskar mace dubu goma sha biyu na ɗauka da hannun nan. Akwai wanda ya san mata kamar ni?”

“Maigida, mu dai kekunan muke so a gani suna aiki.”

“Kekuna! Ana maganar fim ɗin da zai zaga duniya, kina maganar kekuna. Daga yau kar wanda ya sake ce mini Mai Hoto. Darakta!”

Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu. “Daraktan me?”

“Za ka gani a talabijin.”

“To ka fara gyara hoton da ka yi mini, har yau kunnena ɗaya ne a jikin katin.”

“Kai ka motsa.”

Kafin ya ɗauki ko minti ɗaya sai da na ɗinka masa falmaran mai aljihu goma sha huɗu, wai duk darakta haka yake sakawa. Na tambaye shi me zai zuba a ciki, ya ce aljihun darakta ba na zuba kaya ba ne.

Ranar ɗauka muka yi shara, muka ɗiga wa kekuna mai, kowa ta zauna a mazauninta, ɗaki ya ɗauki ƙara gwanin daɗi. Sai ga Darakta da kyamara a wuya, mai aski na biye da shi riƙe da fitila a kan sanda. Wai taimako ya zo yi, amma kowa ya san kallo ne ya kawo shi. Darakta ya tsaya a bakin ƙofa ya toshe kunnuwa.

“Ku tsaya! Wannan hayaniyar ta mece ce?”

“Aiki ne,” in ji Mai Guga.

“A daina. Kuma wannan tarkacen na baya, su zare, su ƙyallaye, su kalanda, duk za su ɓata hoto. Ba a karɓar hoto in bayansa ba fari ba ne.”

“Wa ne ne ba ya karɓa?”

“Ko'ina ba a karɓa.”

Ya janyo farin yadin da wata ta kawo mana ɗinki jiya-jiya, yadi goma sha biyu, ya buga shi da ƙusa daga wannan bango zuwa wancan. Ya leƙa kyamara, ya ce inuwar kekuna tana faɗowa a kan yadin. Aka tura kekuna shida baranda. Ya sake leƙawa, ya ce teburin guga ma. Mai Guga ta rungume dutsen gugarta ta ce sai dai a fitar da su tare, aka kuwa fitar da su tare. Ɗakin da ya yi shekara talatin da ɗaya ba wurin aje ƙafa ya koma fayau, ba komai sai kujera ɗaya a tsakiya.

Goggo aka fara zaunarwa.

“Goggo, a cire tabarau, yana ƙyalli.”

Goggo kuwa in babu tabarau ko tafin hannunta ba ta gani. Ta cire, ta juya ta gaida sandar fitila da ladabi, ta tambaye ta mutanen gida. Aka juyo da ita. Darakta ya daidaita mata kafaɗa, ya ɗaga mata haɓa, ya ja ɗankwali baya goshi ya fito, ya ce an fara.

Wallahi na ji daɗin yadda ta fara. Ta ce, “Ni dai da keken aro na shigo ɗakin nan, ina goye da ɗana na biyu, a shekarar da...”

“Tsaya! Goggo, haɓarki tana motsi.”

“To da me zan yi maganar, ɗan nan?”

“Ki rufe baki tukuna. Murya daga baya ake sakawa.”

Muka dubi juna. Ba wadda ta taɓa yin fim a cikinmu, sai muka ɗauka haka ake yi. Goggo ta zauna ƙiƙam minti ɗaya da rabi, baki rufe, ido a bango, har ya ce ya yi.

Haka muka bi layi ɗaya bayan ɗaya. Kar ki motsa, kar ki yi murmushi, kar ki ƙifta ido in kina iyawa. Mai Guga ta zauna tana harararsa, ya ce madalla, fuskarta ta nuna wahalar rayuwa. Ta ce ba wahalar rayuwa ba ce, shi take kallo. Mai Maɓalli kuwa sau ashirin da uku ana zaunar da ita. Da ya ce “kar ki yi dariya” sai ta tuntsire. Ya ce ta tuna wani abin baƙin ciki, ta tuna ranar da kekenta ya kama mata gefen zane a gaban mai kaya, ta ƙara fashewa har da hawaye. Mai aski ma ya kamu, fitila ta dinga rawa a hannunsa, Darakta ya kore shi, ya dawo da shi, ya sake korarsa.

Ana cikin haka sai muka ji baranda ta cika. Ashe mutane sun hango farin ƙyalle da fitila, ga mata suna zama ɗaya bayan ɗaya ba walwala, sai wani ya ce sabon katin shaida ake yi, kuma yau ne rana ta ƙarshe. Kafin ka ce me, layi ya bi ta tsakanin kekunanmu, ya hau matakala, ya sauko, ya fita titi. Mai sayar da taya ya rufe shagonsa ya shiga. Wata ta zo da jariri tana tambaya ko shi ma za a yi masa. Wasu biyu suka cakumi juna a kan wa ya riga zuwa, har suka ture mini keke, zaren ya warware ya bi ƙafafun mutane.

Na ce, “Maigida, ka fita ka gaya musu ba kati ake yi ba.”

Ya leƙa, ya ga jama'a, ya gyara falmaran. “Kin gani ko? Tun fim bai fita ba labari ya bazu.” Ya ɗaga musu hannu biyu. Suka yi masa ihu ya yi sauri rana tana yi.

A cikin layin nan har da sakataren kwamiti, wani mai tumbi da biro uku a aljihu. Da ya iso ƙofa ya gane ba kati ba ne. Ya dubi kekuna a waje, ya leƙa ɗakin ya gan shi fayau, ya zaro littafi ya yi rubutu. Mai Guga ta leƙa ta kafaɗarsa ta karanto mana da ƙarfi: “Sun fara kwashewa da kansu.”

Kwana uku bayan nan maigida bai je shago ba. Da zarar yara sun tafi makaranta ni ma na fita, sai ya shige cikin durowar kaya ya ja ƙofa, wai a nan sauti ya fi fita tas. Rana ta biyu maƙwabciyarmu ta tare ni a bakin famfo.

“Maman yara, wa ye ba lafiya a gidanku?”

“Lafiya lau. Me kika ji?”

“Tun safe wata take kuka da siririyar murya, tana cewa wayyo duniya. Na ƙwanƙwasa, sai ta yi tari irin na maza ta yi shiru.”

Na shiga na tarar da shi ya fito daga durowa sharkaf da gumi, hancinsa ya yi ja, ga shatin abin maƙale shanya a gefe da gefe. Na ce me ya sami hancin? Ya ce sirrin sana'a ne. Na ce yaushe za a ɗauki muryarmu? Ya ce an wuce wannan matakin. Na ce to mu ga fim ɗin kafin ranar taro, ya ce a duk duniya ba a taɓa nuna wa 'yan fim fim ɗinsu kafin ranar haskawa ba. Da na san abin da ke cikin durowar nan, da na kulle ta da shi a ciki har wata ya ƙare.

Ranar taro ta zo. Zauren da ke saman bene ya cika tun kafin la'asar, masu shaguna, mazajenmu, masu kawo mana ɗinki, da duk waɗanda suka bi layin kati, sun zo ganin inda hotonsu ya ƙare. Aka rufe tagogi da kwali. 'Yan kwamiti biyar suka zauna a gaba, shugaba a tsakiya da fayil ɗinmu, ya cire agogo ya aje a kan tebur. Darakta ya tsaya kusa da majigin da ya aro, ya yi jawabi na minti biyu a kan yadda mata ba su da murya a duniya sai yau da ya ba su. Aka kashe fitila.

Farko hotonsa ne ya fito, yana kallon nesa, hannu a haɓa. Ya daɗe. Sai rubutu: shi ya tsara, shi ya ɗauka, shi ya haɗa, shi ya ba da shawara. Sannan Goggo ta bayyana, ƙatuwa a jikin bango, ba tabarau, baki rufe, bayanta fari fat.

Aka jira. Goggo ba ta motsa ba. Aka ƙara jira.

“Ya maƙale!” in ji wani daga baya.

Mai gyaran waya ya taso ya ɗaka wa majigin duka biyu. Darakta ya riƙe masa hannu yana rantsuwa lafiyarsa lau. Ana wannan ja-in-ja sai wani ƙuda ya shigo cikin hoton, ya zaga, ya sauka a kan hancin Goggo.

“Ga ƙuda yana motsi!” in ji mai aski. “Fim ne, jama'a, fim ne!”

Aka tafa wa ƙudan.

Sai murya ta fito daga lasifika, siririya, ta hanci, tana rawa. “Ni tsohuwa ce. Wayyo tsufa. Kullum ina zaune ina tunani. Ba ni da abin yi sai tunani.”

Goggo ta karkato gare ni. “'Yar nan, wace ce wannan mara lafiyar?”

“Ke ce, Goggo.”

“Ni? Yaushe na samu lokacin tunani?”

Mai Guga ta fito a jikin bango tana harara. Muryar nan dai ce, amma an ƙara mata shessheƙa. “Mijina ya rasu ya bar ni da marayu bakwai.”

Mijin Mai Guga direba ne, yana zaune a layi na uku da makullin mota a hannu. Ya miƙe. “Innalillahi! Yaushe?”

Zaure ya kece da dariya. Mai aski ya jingine a bango yana ce masa Allah ya ji ƙanka, mutumin kirki ne kai. Direban ya ce 'ya'yansu uku ne, a gaya masa inda sauran huɗun suka fito. Mai Guga ta tuɓe takalmi ɗaya ta nufi majigi, mu biyu muka riƙe ta.

“Ku ba ku san fim ba!” Darakta yana ɗaga murya. “Ina kuka taɓa ganin fim ɗin mata babu wadda miji ya mutu ya bari? Dole a samu ɗaya!”

“Shi ne ka zaɓi nawa?”

“Fuskarki ce ta fi dacewa!”

Mai Maɓalli ta biyo. A duk zama ashirin da ukun nan, wurin da ba ta dariya guda ɗaya ne, lokacin da atishawa ta taso mata. Shi ya yanko ya ja shi ya yi tsawo: ido a lumshe, hanci a tattare, tana shirin atishawar da ba za ta taɓa zuwa ba. Muryar ta ce, “Ni tunda aka haife ni ban taɓa dariya ba.” Mai Maɓalli ta zame daga benci ta faɗi ƙasa tana harba ƙafa, ba ta ko iya numfashi.

Kowa yana dariya ban da mutum biyu, ni da shugaban kwamiti. Ina kallonsa yana duba agogo. Ya ɗaga hannu aka yi shiru.

“Minti goma sha ɗaya ke nan,” in ji shi. “Ban ga keke ba, ban ga zare ba, ban ga mai aiki ko ɗaya ba. Ɗaki fayau, mata a zaune. Sakatare, ba abin da ka rubuta ke nan ba?”

“Shi ne, ranka ya daɗe.”

“Saura mafi kyau!” in ji Darakta. “Ku jira na ƙarshe!”

Na ƙarshen ni ce. Na ga fuskata a bango, goshi a waje, baki a rufe. A nan ya sassauta muryar, ya sa mata zaƙi. “Ni kam alhamdulillahi. Ɗinki sha'awa ce kawai, don kar zaman gida ya ishe ni. Maigidana, babban darakta, shi yake riƙe da ni da yara da gidan gaba ɗaya. Ko ban ɗinka ko ɗankwali ba, ba abin da zan rasa.”

Ya juyo ya dube ni yana washe baki. Wallahi ba mugunta ba ce. Kyauta ce ya yi mini, yana jiran in yi godiya.

Shugaba ya rufe fayil. “To ai magana ta ƙare. Tunda sha'awa ce, a yi ta a gida.”

Ina son mutumin nan, ban ɓoye ba, kuma shekara goma sha ɗaya ina rufa masa asiri. Tunda kowa ya sami waya mai hoto, shagonsa ya koma wurin gyangyaɗi. Abin da yake ba ni na cefane ko albasa ba zai saya ba, in cika sauran daga aljihuna in yi shiru, shi kuma ya hau sama yana gaya wa mai aski matarsa ta iya tattali. In na sayo wa yara takalma sai in ce su je su yi wa babansu godiya, ya amsa kuwa hankali kwance, yana zaton canjin cefane ne na tara. Yanzu ga fayil a rufe, ga mata takwas suna kallona. Na miƙe.

“Ranka ya daɗe, wannan ba muryata ba ce.”

“Maman yara, zauna, fim bai ƙare ba,” in ji maigida.

“Ba sha'awa ba ce. Keken da aka tura baranda don kar ya ɓata hoto, shi ke ciyar da gidanmu. Shekara goma sha ɗaya. Abincinmu daga shi ne, makarantar yara daga shi ce, har falmaran ɗin da ke jikin Darakta. In kuka sa janareta a ɗakin nan, ban san abin da zan ɗora a wuta ba wata mai zuwa. Ban taɓa faɗa a gaban kowa ba, yau ma ba da son raina ba ne.”

Ban iya duban inda maigida yake tsaye ba. Kunya ta rufe ni kamar ni aka tona.

Sai na ji ƙarar sanda. Goggo ce ta miƙe, ta gyara tabarau, matar da harshenta ke bushewa a gaban mutum biyar.

“A kunna fitila,” in ji ta. Aka kunna. “Shugaba, rigar nan ta jikinka, juya bakin hannun dama. Akwai ɗinki da shuɗin zare, don farin ya ƙare mini ranar. Juya mana.”

Ya juya. Shuɗin zare ne.

“Ni na goge ta shekaranjiya,” in ji Mai Guga, takalmi ɗaya a hannu. “Kuma sakatare, wandon nan sau biyu muna buɗa masa ƙugu, ka ce kar a gaya wa kowa.”

Mai Maɓalli ta taso daga ƙasa tana share ido, ta bi layi tana nunawa da yatsa. Wannan maɓallina ne, wannan ma, wannan ni na sake masa zif, wannan aljihunsa ni na toshe. Mutane suka hau duba jikinsu.

Goggo ta buga sanda. “To tunda ba a amfani da ɗakin, duk wanda ke sanye da aikinsa ya cire ya aje a nan, ya tafi gida da abin da janareta ya ɗinka masa.”

Mai sayar da taya, wanda ba ya gane wasa, ya fara ɓalle riga. Matarsa ta ƙwala ihu. Sakatare ya riƙe ƙugun wandonsa da hannu biyu, kamar wani ya ce zai ƙwace. Ɗaya daga cikin 'yan kwamiti ya raɗa wa shugaba cewa ai akwai fili a bayan gini, kusa da tankin ruwa, rumfa kawai za a kafa. Shugaba ya dubi shuɗin zaren nan ya sake dubawa, sannan ya buɗe fayil ya ja layi a kan rahoton.

“Ɗaki naku ne. Amma don Allah kar a sake kawo mana fim.”

Mata suka rungume juna. Mai yadin da aka buga wa ƙusa ta tare Darakta a bakin matakala, direba yana bayanta yana jiran nasa bayanin, bayansu kuma mutanen layin kati. Duk da haka ina saukowa na jiyo muryarsa sama da ta kowa.

“Ai da gangan na yi! Salo ne. Ka hana mace magana har ta cika, sai ta fashe a gaban jama'a. Manyan daraktoci kaɗai suka san wannan.”

“Mutuwar tawa ma salo ce?” in ji direba.

“Ita ce ma ginshiƙin fim ɗin.”

Muka kama hanyar gida, rana ta yi sanyi. Ni a gaba, shi a baya da majigi a ka. Muka wuce shagon taya, muka wuce gidan mai, bai ce uffan ba. Tunda na aure shi ban taɓa jin ya yi shiru na tsawon titi guda ba, sai abin ya fara ba ni tsoro. Da muka zo kwanar makarantar yara ya matso kusa da ni.

“Shekara nawa kika ce?”

“Goma sha ɗaya.”

“Takalman ma?”

“Har su.”

Ya gyara majigin a kansa. “Kuma ba ki taɓa gaya mini ba.”

“Ba ka taɓa tambaya ba, Maigida.”

Muka yi taku kamar ashirin. Ya yi gyaran murya, ya sake yi, sannan a hankali, da muryarsa ta gaskiya, ya ce, “To ya aka yi kika fara?”

Na fara ba shi labari tun daga ranar da na shiga ɗakin Goggo ban san ko zura zare ba. Kafin mu kai ƙofar gida sau huɗu kawai ya katse ni.